Fiffike Uku

Ishaya ne ya kawo katakon daga Panteka,
a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Ya ce, "Balsa sunansa. Riƙe ka ji."
Na riƙe, ban ji komai ba.
Shekara ashirin da shida ina ɗaga ƙarfe a masaƙar Kakuri,
yau ga katako a tafina,
nauyinsa bai kai totuwar kara ba.

Ramlatu jikata ta share tebur,
ta jera rula da reza, samfefa da kwalbar gam,
da bututun kwalin da za a kira roka.
Ta zana fiffike da fensir,
harshe a waje, kamar uwarta in tana tsintar shinkafa.

"Kaka, kada ka danna.
Ja ɗaya ba ya yanka shi.
Ka bi layin sau biyar, a hankali,
ka kuma duba inda jijiyar katakon ta dosa."
Ni da na koya wa samari arba'in ɗaure noti!
Na yi murmushi, na danna.
Ƙas.
Ya tsage kamar busasshen ɓawon gyaɗa.

Ba ta ce uffan ba. Ta turo mini wani.

Biyu nata, ɗaya nawa.
Muka yi ta guga har bayan isha'i,
aka ɗauke wuta, muka ci gaba da fitilar waya.
Garin katako ya hau girarmu fari fat,
ita ta tsufa, ni na ƙara.
Muka manna su ɗaya bayan ɗaya,
ba mai numfashi sai gam ya kama.
Ta yanka laima daga ledar burodi.
Zaren kuwa nawa ne,
ragowar kwarkwaron da na fito da shi a aljihu
ranar da aka rufe ƙofa, aka ce mu jira sanarwa.

Asabar, filin ƙwallo bayan layin dogo.
Yara sun bar wasa, mai rake ya jingine baro.
Wani ya ce bam ne, ya ja da baya.
Ishaya ya ce, "Bam da ledar burodi?"
Ramlatu ta warware waya taku goma sha biyar,
ta jiƙa yatsa, ta ɗaga, ta karanci iska,
ta ƙirgo daga biyar tana yin ƙasa.
Ban taɓa ganin lissafi na komawa baya ba
sai a kuɗin sallamarmu.

Fuuu!
Hayaƙi ya miƙe sambal kamar zaren tsaye,
wuyana ya yi ƙara, hulata ta faɗi,
shirwa biyu suka ba da hanya.
Can sama, inda ido ke fara kawo ruwa,
ɗigon ya tsaya, ya yi shawara,
sai laima ta buɗe.

Iska ba ta tambaye mu ba.
Ta ɗauke ta, ta haye katanga da ita,
ta sauke ta cikin masaƙa.

Mai gadi ya gane ni. "Oga Tanimu, kana nan?"
Na ce ina nan.
Ciyawa ta kai ƙugu inda muke layin buga kati,
tantabaru sun gaje sashen rini.
Na tsaya ina sauraron injin da babu shi,
har ta kira ni daga gindin tankin ruwa.

Roka na kwance, hanci cikin ƙasa,
tana warin ashanar da aka kashe.
Fiffike biyu lafiya lau.
Na ukun ya rabe, daidai kan jijiya.
Ta juya shi a hannu, ta dube ni.
Na ce, "Na sani."
Ta ce, "Zaren dai bai tsinke ba."

A bakin ƙofa na tambaye ta ko katakon ya rage.
Ta ce saura kamar tafin hannu.
Na ce to, gobe bayan la'asar.
Sau biyar, a hankali.