Minti Goma Sha Ɗaya

A Panteka Barau ya tsince shi,
cikin gwangwani mai tsatsa, ƙarƙashin mataccen keken ɗinki.
Mai kayan ya jinjina shi a hannu kamar tsohon ƙarfe,
ya ce a ba shi na shayi.

Ba suna a jikinsa.
Gara ta cinye takardar,
ta bar mana harafi biyu da rabin lamba.
In an buɗe murfin, tsami ke tasowa
kamar kunun da ya kwana.

Mu huɗu muka san da zamansa.
Ran Asabar bayan lisha
mukan haɗu a shagon Bitrus mai gyaran agogo, a Kakuri,
mu rataya zanen gado a ƙusa biyu,
mu roƙi maƙwabci wutar janareto.
Majigin sai ya yi tari kafin ya yarda.

Fim ɗin kurma ne.
Ba jarumi, ba mugu, ba wanda ya mutu.
Ma'aikatan masaƙa ne ke fitowa daga aiki,
kekuna na gogar juna a bakin ƙofa,
jirgin ƙasa ya hau gada, hayaƙinsa ya maƙale a sama.
Can sai wata mai tallar gyaɗa
ta waiwayo, ta ga ana ɗaukarta,
ta kai gefen gyale baki,
dariya ta riga ta.
Daƙiƙa uku. Shi ke nan.

Jatau ya rantse gwaggonsa ce.
Bitrus ya ce gwaggon Jatau ba ta taɓa dariya ba.
Shekara shida ana wannan musu,
ba mai son ya ƙare.

Wani ya zo daga Ikko da jaka, ya yi tayi.
Barau ya ce albarka.
Ya ƙara, Barau ya ce albarka,
ya miƙa masa goro.

Ɗana ya ce, Baba, ga dubu a waya, masu launi, masu sauti.
Na buɗe baki, ban sami amsa ba.

Abin da ke damunmu,
duk kallo sai ya ɗan ƙara ƙarzuwa.
Wani farin layi ya taso daga ƙasa,
bana ya kai kafaɗarta.
Mun yi shawara, sau ɗaya a wata.
Ba mu cika ba.

In zaren ya ƙare, wutsiyarsa na marin ƙarfe,
fat, fat, fat,
zanen gadon ya koma fari,
agogunan Bitrus su ci gaba da saɓa wa juna.
Ba mai tashi ya kashe.