Takardar da Jussara Ta Manna a Jikin Firij

Ni direban bas ne a Kuritiba, shekara talatin da ɗaya.
Nakan gane fasinjan da zai yi faɗa
tun bai sa ƙafa a matakala ba.
Amma jikana Otávio, ɗan shekara huɗu,
ya gagare ni karantawa.

Ran Talata Jussara take zuwa, lemarta na ɗigar ruwa.
Zuwan farko ba ta koya masa komai ba.
Zama ta yi a ƙasa tana ƙirga:
sau tara ya buga goshi a ƙofar kicin cikin awa guda.
Ma'aunin farko, in ji ta.
Wanda bai san tashar da ya tashi ba
ina zai san ya yi nisa?

Na ce taurin kai ne kawai.
Ta ce, Baba Valdir, taurin kai ba ya ƙirguwa.
Faɗa min abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji.
Shi muke kira hali.

Ta ja layi biyu, takarda ta rabu uku:
abin da ya gabata, abin da ya yi, abin da ya biyo baya.
An rufe kabad.
Ya buga goshi.
An buɗe kabad, an miƙa biskit.
Na ƙura wa gida na uku ido, na gane hannun da ya miƙa.
Nawa ne.

Ashe ni ke biyan ladan bugun,
lakadan, ba bashi.
Ƙarfafawa ke nan: duk abin da ya biyo bayan hali
har halin ya ƙaru gobe.
Babu ruwanta da kyan niyyarka.

Kowane hali da abin da yake nema, ta ce:
a dube ni, a ba ni, a ƙyale ni,
ko wani daɗi da jiki ke ji shi kaɗai.
Goshin nan magana yake yi,
baki ne bai sami hanya ba.

Sai ta kawo kati mai hoton biskit.
Ta ɗora hannunta kan nasa, ta kai katin cikin tafina,
ni kuma in miƙa nan take, kafin ƙiftawar ido.
Tallafi sunan wannan.
Mako na biyu a gwiwar hannu ta taɓa shi,
na uku yatsa ɗaya a kafaɗa,
daga nan sai kallo.
Janyewar na gane ta ba sai an faɗa ba,
haka nake sakin kuloci a hawan tudu:
ka yi gaggawa, mota ta mutu.

Ta gargaɗe ni.
Ranar da goshi ya daina sayen biskit
abin zai tsananta kafin ya lafa,
kamar mai danna ƙararrawar da ta lalace,
sai ya danna sau goma da haushi kafin ya haƙura.
Ran Alhamis, sau goma sha huɗu.
Na sa tafina tsakanin goshinsa da katako.
Neide ta fita baranda don kada ya ga hawayenta.
Saura ƙiris in buɗe kabad ɗin.

Na tambaye ta, kaɗa hannun nan fa da yake yi
in jirgi ya wuce ta saman gida?
Ta ce wa ya cutar?
Wannan nasa ne, ba mu taɓa shi.

Jiya sau biyu.
Shekaranjiya biyar, zazzaɓi yake.
Da safen nan a gidan burodin Zulmira,
inda ba a taɓa koya masa komai ba,
ya zaro katin daga aljihun rigar sanyi
ya ɗora kan kanta.
Matar ta dube ni.
Na ce ba shi, ba shi maza,
na biya ko canji ban tsaya karɓa ba.