Fiyar Ngo Kaneng

Bishiyar tata ce, ban taɓa musu ba.
Gindin yana gidan Ngo Kaneng,
amma rassa uku sun haye katanga
sun yi zamansu bisa kwanon ɗakina
kamar baƙin da suka ga wurin kwana.

A Dutse Uku mun saba da ƙanƙara,
ta daki rufi, ta narke, ta wuce.
Wannan daban ce. Ƙarfe biyun dare,
gari tsit, sai ƙwal! a kan kwano.
In zabura ina laluben tocila,
ƙirji yana ta lugude,
don wanda ya kwana a Jos a wasu shekaru
ba ya raina ƙara cikin dare.
Ashe fiya ce ta ƙosa ta faɗo.

Ganye ya toshe mini indararo,
ruwan Agusta ya bi bango ya shigo
ya jiƙa takardun fanshona na reluwe.
Na aika Sallau da saƙo, shiru.
Na je da kaina, na yi sallama,
tana tsugune tana cire wa kabeji ciyawa.
Ta ce, "Malam Tanko, aikin iska ne.
Ka kai ƙarar iska."

Mai unguwa ya zo da igiyar awo
da yaro mai riƙe masa lema.
Ya auna katanga, ya ɗaga kai sama,
ya ce abin da ya tsallako, mai gida na da ikon sara.
Ngo Kaneng ta gyara ɗaurin zane.
"To, a tambaye shi 'ya'yan.
Shekara goma sha ɗaya suna faɗa masa,
ko ƙwallo ban ga an maido ba."
Na dubi Gambo, Gambo ta dubi ƙasa.
Abin nan kore da take shafa mini a burodi,
da ɗan gishiri, kowace safiya,
ban taɓa tambayar daga ina ba.

Na ce, "Ai ruwan alwalata take sha,
saiwar tana ƙarƙashin makwararata!"
Aka kwashe da dariya, har mai lema.
Ni ban yi ba.

Ranar Asabar na kira mai injin yanka,
dubu takwas, ban da kuɗin mai.
Rassa uku suka kwanta a tsakar gidana.
Ta tsaya ta can, ɗankwalinta kawai nake hange,
ta ce, "Dung ne ya dasa ta, shekarar da muka tare."
Ba ta ƙara ba. Na ji ƙarar sakata.
Itacen na tara mata a bakin ƙofa,
ya kwana biyar ba wanda ya taɓa.

Yanzu ina barci har kiran assalatu.
Indararo fes, takardu a bushe.
Sai dai rana ta gano tagar ɗakina,
daga azahar take zuwa hira.
Gambo kan sayo fiya a Farin Gada,
ta ajiye mini, ta faɗi kuɗin,
ta sake faɗa, ko ban ji ba.
Da Ngo Kaneng muna gaisawa,
sannu, yauwa sannu, kowa na tafiya.

Jiya na hau tsani duba kwano,
sai ga tofo a bakin yankan,
ganye huɗu, jaja-jaja, masu taushi,
sun miƙo wuya ta gefena.
Adda tana jingine a gindin tsani.
Na daɗe a sama.

Na sauko, na yi alwala inda na saba,
na juye ragowar butar a gindin katanga.
Gambo ta gani.
Ta ci gaba da wankin accarta.