Lissafin Sanyi a Mai Wurno

Sanyi ya sauka daren jiya.
Ƙofar langa-langa ce ta fara faɗa mini, kafin ƙashina.
Na karkaɗe littafin da na ajiye tun bara,
na zauna bakin gadon igiyar Baba Sambo,
yatsuna biyu a wuyan hannunsa.

Ɗaya, biyu, uku a guje,
sai shiru,
shirun da ke sa in daina numfashi nima,
sai biyu su faɗo tare kamar yaran da suka makara.
Zuciyarsa tsohon injin ban-ruwa ce a gaɓar Nilu,
ta yi tari, ta ɗauke, ta kama.

Dokta Awadiyya a Sinnar ta soma zana masa
a bayan takardar magani. Bai bari ta ƙarasa ba.
"Shekara arba'in ina fito," in ji shi.
"Inda ruwa ke kewayawa bai wuce ba,
nan yayi ke taruwa.
Ran da ya ɓalle, magudanar wani zai toshe."
Ta ajiye biro. Ta ce, "To, taka magudanar a ka take."

Ta ce watannin nan aka fi kawo mata su,
baki a karkace, hannu ɗaya ya ƙi karɓar gaisuwa.
Sanyi na matse jijiya, mura ta ƙara nata.

Bara Malam Jibo ne, tsakanin alwala da kabbara,
butar tana nan inda ta faɗi har hantsi.
Bara waccan Ladidi mai waina,
ludayi ya kuɓuce, ta bi shi da kallo,
sunansa ya ɓace mata har yau.

Shi ya sa nake riga ladan tashi,
in ɗora ruwa a gawayi,
in ƙirga ƙwayoyin tsinka jini a tafina,
goma sha ɗaya, wata kuwa da saura.
Yakan ce na mai da shi jinjiri,
shi da ya yi iyo a Janairu da igiya a haƙori.
Amma yana sa safar. Yana haɗiye ƙwayar.

Na ce, "Bari zafi ya zo mu huta."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Zafin ma da nasa kwale-kwalen."

Sai ya juya hannu ya cafke nawa,
ya lumshe ido yana ƙirge.
"Taka ma sauri take," ya ce.
"Rubuta."