Ƙuraje a Jikin Kara

A fadamar Kazamans, bayan ruwan dare,
Ampa Baji yana cikin laka har gwiwa,
yana tuge ciyawa mai ganye irin na tsamiya.
Shekara arba'in yana jifa da ita kan kunya.

Jikarsa Sibet, da ta zo hutu daga Zigincor,
ta riƙe masa hannu: Dakata, kaka,
dubi ƙurajen da suka jeru a kara.
Ya ce cuta ce. Ta ce baƙi ne.

Ta sa farce ta fasa guda,
waje kore, ciki ja kamar hanta.
Ga ɗakinsu, ido dai ba ya ganinsu.
'Yan'uwansu na saiwar wake da gyaɗa,
can ƙasa a duhu, sai abin da mai gida ya miƙo.
Waɗannan sun hau sama, sun sami taga.
Da hantsi su ɗebi rana da kansu,
su hura wuta da ita,
su kamo iska su dafa ta zama taki,
su biya haya tun ba a tambaya ba.

Tsoho ya juya karan a tafinsa.
Balbela ta sauka, ta tashi, bai ce uffan ba.
Can ya ce: Baƙon da ya zo da itacen girkinsa,
shi nake ta kora?

Ya ɗaga doguwar hauyarsa,
ya kifa laka kan ciyawar, ganye da ƙuraje,
inda za a dasa shinkafa ran Laraba.
Sibet na biye tana tattakewa,
jan nan bai bar farcenta ba har dare.