Rufin Rufi

Na yi lissafin a bayan takardar likita:
gawayin dala arba'in kowane dare,
tun shigowar ɗari har fitarsa,
ban da maganin tari,
ban da kananzir na hura kasko.
Da na haɗa jimla sai na ajiye alƙalami.
Ashe duk Bagalam muke ɗumamawa,
mu hayaƙin ne rabonmu.

Ɗakin Baba kwano ne tsirara a sama.
Da bazara tanda,
da ɗari randa.
Iska na shigowa ta gindin ƙyaure ba sallama,
ta tagar da ta daina shiri da bango
tun shekarar da gulbi ya haura,
ta sami gwiwarsa ta zauna har asuba.

Ranar Laraba kwasar adashe ta zo kaina.
Jikka ɗari da ashirin.
Tsahara ta ƙirga sau biyu tana lasar yatsa.
Ta ce, Ra'ayatu, firigo za ki saya ko?
Ƙanƙara za ta yi kuɗi a azumin bana.
Na ce rufi zan yi.
Ta ce ai da rufi.
Na ce rufin rufi.
Aka yi dariya har jariri ya farka a baya.

Kuɗin bai kai ba.
Na je asusun unguwa,
yaron da ke bayan gilashi ya gyara wuyan riga:
Bashin sana'a muke bayarwa, Hajiya.
Wace riba sili ke kawowa?
Na tura masa takardar likita ta ƙasan gilashi,
na ce juya bayanta.
Ribata ita ce abin da ba zan ƙona ba.
Ya daɗe yana kallo.
Ya shiga ciki, na ji ana gardama.
Ya fito: jikka sittin, wata goma,
sa yatsa nan.

Barmo magini ya zo da tsanin aro.
Ya jera katako, ya shimfiɗa zana,
ya cusa buhunan ɓawon gyaɗa
tsakanin kwano da sili,
wai zafi da sanyi duk su ɓata hanya a ciki.
Ya liƙe bakin taga,
ya yanko tsohuwar tayar babur
ya buga a gindin ƙyaure.
Kwana huɗu.
Ya ci tuwona sau takwas,
ya ƙara jikka biyu bisa ciniki,
wai ƙusa ta tashi.

Maƙwabta suka leƙo neman inda kuɗin ya shiga.
Ba fenti, ba sabon labule.
Kuɗin yana sama, kwance,
ba ya ƙyalli, ba ya magana.

Nomau mai gawayi ya tare ni bakin titi.
Kwana tara ban ga yarinyarki ba,
tsoho dai...
Bai ƙarasa ba, ya sunkuyar da kai.
Na ce yana nan, Nomau.
Barci yake yi.

Baba kaɗai bai ce an gode ba.
Wani dare ya kira ni,
ya nuna sama da sandarsa.
Akwai hudar ƙusa a nan, daidai kaina,
shekara goma sha ɗaya.
In tauraro ya zo bakinta
na san lokacin alwala ya yi.
Kin rufe mini agogo.

Ban taɓa sanin da ita ba.
Ni iska kawai na gani a hudar.

Saura wata takwas in gama biya.
Tarin ya ragu, kasko na bayan ɗaki,
kaza ta mai da shi wurin ƙwai.
Ni ce yanzu nake tashi da sauran duhu,
in tsaya tsakar gida da mayafi biyu,
in ɗaga kai in duba,
sannan in ƙwanƙwasa:
Baba, ya iso.