Tukinem Mai Kallon Yamma

A gidan adana takardu na Paramaribo
akawu ya miƙo mini farar safar hannu,
ya ce in buɗe shafin a hankali.
Nan na gan ki, Tukinem, kakar uwata,
lamba rataye a ƙirjinki kamar buhun awo.
Tabo a girar hagu. Gajeruwa. Musulma.
Shekaru ashirin, wai.
Wai ɗin nawa ne, Baturen Holan bai yi tantama ba.

Uwata ta ce gishiri aka aike ki saye, can Jawa,
wani mai zaƙin baki ya tare ki a bakin kasuwa.
Kika dangwala yatsa a tawada,
teku ta yi kwana arba'in tana juya miki hanji.
Gishirin nan har yau ba a kai shi gida ba.

Shekara biyar aka rubuta,
rake ya ci goma sha ɗaya.
Ganyensa ya yi miki tsaga a damtse,
ƙararrawar masana'anta ta riga zakara tashi.
A bakin kogin Commewijne kika haifi huɗu,
zazzaɓi ya karɓi biyu.
Littafin bai san sunansu ba,
ya san dai kwana ukun da ba ki fita aiki ba
da tarar da aka yanka miki.

Da wa'adi ya cika aka ce zaɓi:
jirgin komawa, ko kuɗi a hannu.
Kin karɓi kuɗin, kin ƙulle a haɓar zane,
kin sayi fadamar da kwaɗi ma suka raina,
kika koya mata shinkafa.

A Jawa yamma ake fuskanta a yi salla.
Haka kika zo da ita, haka kika shimfiɗa ta.
Sai ga samari da taswira, suka ce Makka tana gabas.
Kika ce, yaushe ta yi ƙaura ba a gaya mini ba?
Mijinki Kasanrejo ya juya tabarmarsa.
Ke ko gezau.
Shekara talatin, ɗaki ɗaya,
kuna salla baya da baya,
in kun sallame ku ci tuwon shinkafa a kwano guda.

Ni gabas nake kallo, kaka, kada ki yi fushi.
Amma jiya na ari ƙwallon duniya na ɗiyata,
na ɗora yatsa kan garinmu, ɗaya kan naki,
sai na ga ƙwallon duka na tsakanin yatsuna.
Ashe Jawa na ƙarƙashin tafin ƙafarmu.
Duk goshin da kika kai ƙasa, gida ya nufa.

Akawu ya ce lokaci ya yi.
Na cire safar, na mayar da ke cikin kwali.
A hanya na tsaya shagon Basine,
na sayi gishiri ƙulli ɗaya
alhali akwai saura a gida.